Ƙaramar Sanda Ka Tsaya, Babbar Sanda Ka Gudu

Akwai wata karin maganar Sinawa da ke yi wa iyaye maza daɗin ji duk inda aka kawo ta: "A ƙarƙashin sanda ake samun ɗa mai biyayya." Faɗe ta a majalisa bayan la'asar, a Birnin Kebbi ko a Jega, kafin ka rufe baki wani ya ɗora tamu a kai, ka ƙi naka duniya ta so shi, sai a gyaɗa kai a ce ashe can ma haka abin yake. Lalle Sinawa suna faɗin ta. Sai dai magana ce ta bakin kasuwa. Tsofaffin malamansu da suka zauna suka yi nazarin renon ɗa sun sa wa sanda iyaka, sun faɗi lokutan da ko faɗa ba a yi wa yaro, sun kuma bayyana dalla-dalla inda tsanani ke juyewa ya zama ɓarna. Wannan ɓangaren ne ba ya isowa gare mu, kuma shi ne mai amfani.

Konfushiyas, babban malamin Sinawa na dā, wanda su suke kira Kongzi, ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikin almajiransa akwai Zengzi, wanda har yau da shi suke buga misalin biyayya. An ruwaito cewa wata rana yana noman guna a gonar mahaifinsa, fartanya ta kuɓuce masa ta sare saiwa. Uban ya ɗauki ƙatuwar sanda ya maka masa a baya, ya faɗi sumamme. Da ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne tambayar uban ko bai gaji ba, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauki abin kiɗa mai tsirkiya yana waƙa, don uban ya ji ya san lafiyarsa lau. A ganinsa ya kai ƙarshen ladabi. Da labari ya isa ga malaminsa, sai ya ce wa sauran almajirai idan Zengzi ya zo kada a bar shi ya shigo. Daga baya ya yi masa bayani da misalin Shun, wani sarkinsu na zamanin da mai mugun uba: in uban na neman wanda zai aika, Shun na kusa, in yana neman sa don ya halaka shi, ba ya samun sa. Ƙaramar sanda ya tsaya, babbar sanda ya gudu. Da ka mutu a hannunsa, in ji malamin, da ka jefa mahaifinka cikin laifin kisa, wane rashin biyayya ya kai wannan?

Duk uban da zai riƙe karin maganar farko, to ya riƙe wannan tare da ita, domin tukunyarsu ɗaya. Hukuncin da ke cikinta bai tsaya kan ɗa ba. Ta tabbatar da cewa akwai dukan da ya fita daga tarbiyya ya koma zalunci, ko da uba ne ya yi shi, kuma sanadinsa saiwar guna ce guda.

Dutsen da ba a sassaƙa shi da gatari

Yaran Sin na dā suna fara karatu da wani ɗan littafi mai suna Sanzijing, kowane layi kalma uku, ana danganta shi ga Wang Yinglin na ƙarni na 13. Haddace shi suke yi da rerawa tun kafin su fahimci ma'ana, kamar yadda yaranmu ke bin bakin malam a makarantar allo. A cikinsa ne aka ce ciyar da ɗa ba tare da koya masa ba laifin uba ne, koyarwa ba tsanani kuma lalacin malami ne. A nan kuma aka ce dutsen yu in ba a goge shi ba ba ya zama abin amfani. Masu son bulala sun fi kafa hujja da wannan na ƙarshe, kuma ina ganin ba su san yadda ake aikin dutsen ba.

Yu dutsen ado ne mai tsada, wanda aka fi samun mafi kyansa a kogunan Hotan da ke yammacin ƙasar. Wuƙar ƙarfe irin ta dā ba ta kama shi. Ba a fafe shi kamar ƙwarya, ba a sassaƙa shi kamar turmi. Yashi ne mai tauri ake jiƙawa da ruwa, a sa a bakin igiya ko wani faifai da ake juyawa da ƙafa, a yi ta gogawa, yashin na cin dutsen kaɗan-kaɗan. Ƙaramin abu kan ci watanni. Mai aikin sai ya fara duba jijiyar dutsen da inda yake da tsaga, sannan ya zaɓi abin da zai fitar daga cikinsa. Wanda ya gaji ya ɗauko guduma ya yi asarar dutsen gaba ɗaya. To, tsananin da layin ke nufi ke nan: dagewa kan abu ɗaya kullum ba fashi. A gida, wannan yana nufin dokoki kaɗan da ba sa canzawa. Sallah a kan lokaci, gaisuwa da safe, dawowa gida kafin magariba, ba a ɗaukar abin wani, ba a ƙarya. Biyar ɗin nan in aka tsare su shekara da shekaru sun fi doka talatin da ake tunawa da su ranar da ran maigida ya ɓaci kawai.

Su kansu Sinawa ba su taɓa haɗuwa kan asalin halin mutum ba. Mengzi, wani malaminsu wanda ya zo bayan Konfushiyas da kusan ƙarni biyu, ya ce mutum nagari ne tun fil azal. Hujjarsa: duk wanda ya ga yaro na rarrafe zai faɗa rijiya, gabansa zai faɗi, ba don yana son yabon iyayen ko na mutanen gari ba. Wannan faɗuwar gaban ita ce tsiron tausayi, aikin tarbiyya shi ne a raine shi. Xunzi, wanda ya biyo bayansa, ya ce a'a, mutum da kwaɗayi da hassada aka haife shi, kirki kuwa sai an gina. Karkataccen katako sai an turara shi an matse shi a ma'auni yake miƙewa. Bahaushe ya san bakin zaren duka biyun. Mun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun kuma ce hali zanen dutse, su kuma suka ce sauya duwatsu da koguna ya fi sauya hali sauƙi. Musulmi yana da hadisin da ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, yana kuma da ayar Suratu Yusuf da ta ce rai mai yawan umarni ne da mummuna. Ba sai mun zaɓi ɓangare ba.

Amma akwai misalin Mengzi da manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru zai gane nan take. Wani mutumin ƙasar Song ya ga shukarsa ba ta tashi da sauri, sai ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana ɗan jan ta sama. Ya koma gida a gajiye yana cewa yau na taya shuka girma. Ɗansa ya ruga gona ya tarar duk ta yi yaushi. Abin da ake yawan mantawa shi ne Mengzi kuskure biyu ya ambata a wurin: na mai jan shuka, da na wanda ya ce ba amfani ya bar gona ba cirar ciyawa. Mai dashe ya san irin da ke gadon reno yana son kamar mako uku kafin a cire shi. In an bar shi ya tsufa a can, ba ya yin 'ya'ya da kyau bayan dashe. In aka zuba masa yuriya fiye da ƙima don a ga ganye ya yi kore, ƙarshenta shinkafar ta kwanta kafin yanka. Uban da ke dukan ɗan shekara huɗu don ya kasa riƙe baƙaƙe mai jan shuka ne. Uwar da ke dariya in ɗan shekara huɗun ya zagi kakarsa, tana cewa ai yaro ne, ita ce ta bar ciyawa.

Kuma mafi yawan lokaci gida ɗaya ne ke yin duka biyun, a jere. Yan Zhitui, wani ma'aikacin fada na ƙarni na 6 da ya rubuta wa 'ya'yansa wasiyyar tafiyar da gida, ya zayyana yadda abin ke faruwa mataki-mataki. Da farko a bar yaro ya ci abin da ya so ya yi abin da ya so. Inda ya kamata a kwaɓe shi a yabe shi, inda ya kamata a tsawata a yi dariya. Ya fara wayo yana ɗaukan haka duniya take. Sai taurin kai ya zauna masa, a lokacin ne iyaye za su farka. Daga nan, in ji shi, ko kashe shi za ka yi da duka ba ka da kwarjini a idonsa, fushinka na ƙaruwa, ƙullinsa na ƙaruwa. Kada a yi masa ƙarya, Yan Zhitui bai haramta bulala ba, ya kwatanta ta da magani mai ɗaci da ake ba mara lafiya ba don ana so ba. Amma nauyin maganarsa na kan shekarun farko ne, lokacin da kallo ɗaya ko "kul!" guda ke wadatarwa. Wanda ya yi sakaci da su, bashi ne yake biya da bulala a shekara goma sha huɗu, kuma ba ta biyan sa.

A wajenmu ma lissafin a fili yake. Hadisi ya ce a umarci yaro da sallah yana da shekara 7, maganar duka sai a shekara 10. Tsakanin nan shekara uku ne, sallah biyar a yini, sama da sau 5,000 ke nan na tunatarwa da baki kafin a kai ga hannu. Malaman Malikiyya da suka yi rubutu kan ladabin malaman yara sun ce kada a wuce bulala uku, fuska kuma an hana taɓa ta. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ce yaron da aka raina da gallazawa yakan koyi ƙarya da yaudara da kasala, domin ya saba nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannu. Duk wanda ya san yaron da ke sunkuyar da kai gaban ubansa, ya fita waje ya zama wani mutum daban, ya san gaskiyar wannan.

Ita kuwa karin maganar da ke cewa uwa mai taushin zuciya ita ke ɓata ɗa, a san daga inda ta fito. Han Fei ne ya faɗe ta, almajirin Xunzi, kuma ba gida yake koyar da reno ba, sarki yake nuna wa cewa da tsoro ake riƙon talakawa. Daular Qin ta bi wannan tafarki, ta haɗe ƙasar a 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta rushe cikin kusan shekara 15.

Lokuta bakwai da ba a yi wa yaro faɗa

Wannan shi ne abin da na fi so a ɗauka daga wurinsu, domin yau ɗin nan ana iya fara aiki da shi. Lu Kun, wani jami'in daular Ming da ya rayu daga 1536 zuwa 1618, ya ce in na ƙasa da kai ya yi laifi, kada ka yi masa faɗa a cikin mutane, ko lokacin da ya riga ya ji kunya ya yi nadama, ko da dare, ko yana cin abinci, ko yana cikin murna, ko yana cikin baƙin ciki, ko yana rashin lafiya.

Na cikin mutane ya fi kowanne faɗi a gidajenmu, domin "mutane" ba baƙi kawai ba ne. A gidan da ke da mata biyu ko uku, tsakar gida ita ce kasuwa. Yaron da aka ci wa mutunci gaban 'yan ubansa ba laifin yake tunawa ba, dariyar da aka yi masa yake tunawa, uwarsa kuma ta ji a ranta ita aka yi wa. A kira shi zaure ko ɗaki, a faɗi laifin guda ɗaya da sunansa, a faɗi abin da zai yi ya gyara. "Ka bar awaki suka shiga gonar Malam, gobe da safe za ka je ka ba shi haƙuri, ka kuma gyara shingen." An gama. Kada a tono na bara, kada a haɗa da uwarsa, kada a kira shi da sunan da zai bi shi. Bakin uba da na uwa ba abin wasa ba ne, kowa ya san "ɗan banza" da aka maimaita shekara goma ba iska ke kwashe ta ba.

Na dare kuwa yana kama wata al'ada tamu da muke ɗauka ba komai ba ce: "bari babanka ya dawo." Laifin hantsi sai a ajiye shi har bayan isha'i. Ɓarna uku ke cikin wannan. Ƙaramin yaro ya riga ya manta alaƙar hukuncin da laifin. Uwa ta nuna masa da bakinta cewa maganarta ba ta isa ba. Uba kuma ya zama dodo, shigowarsa gida ba abin murna ba, ga shi ya dawo daga kasuwa ko gona a gajiye, lokacin da hannunsa ya fi nauyi. Abin da uwa ta gani ta yanke shi a take gwargwadonsa. Wanda ya fi ƙarfinta a bari gari ya waye.

Na abinci ba ya bukatar dogon bayani, yaron da aka tasa da faɗa a kan akushi ko ya tashi da yunwa ko ya haɗiye tuwon da hawaye, kuma hana abinci ba hukunci ba ne ga jikin da ke girma. Na nadama shi ne ya fi wuyar kiyayewa. Yaro ya fasa tulu ya zo da kansa ya faɗa, idonsa ya cika. In aka zane shi a nan, darasin da ya ɗauka shi ne gobe ya ɓoye, ko ya ɗora wa ƙaninsa.

Sinawa kan ce in azarar sama ta karkace, ta ƙasa ma karkacewa za ta yi. Zengzi ɗin nan dai, da ya zama uba, matarsa za ta kasuwa yaro na kuka zai bi ta, sai ta ce ya zauna in ta dawo za a yanka masa alade, abincinsu ne can. Ta dawo ta tarar mijin na wasa wuƙa. Ta ce ai rarrashi ne kawai. Ya ce yaro ba ya da inda yake koyo sai wurin iyaye, in ka yaudare shi yau ka koya masa yaudara, ya kuma yanka dabbar. A auna wannan da "zan sayo maka alewa" da ba a sayowa, da "ce masa ba na nan" da ake aika yaro ya faɗa wa mai bin bashi a ƙofar gida.

Akwai kuma maganar Mengzi cewa mutanen dā musayar 'ya'ya suke yi wajen koyarwa. Dalilinsa: uba zai koyar, ɗa ya ƙi ji, fushi ya biyo baya, ɗa ya ce a ransa kai da ke koya mini ai ba ka yi, daga nan zumunci ya tsage. Mu ma mun san wannan hikima, ita ce ta haifar da riƙo, a ba gwaggo ko kawu ko baffa yaro, musamman ɗan fari da ake wa alkunya, ita ce kuma asalin kai yaro wurin malam a wani gari. Amma a lura da kalmar musaya. Ɗanka na hannuna, nawa na hannunka, kowa na ganin kowa. Koyarwar aka miƙa, ciyarwa da tufatarwa da jinya suna nan wuyan uba. Wanda ya sa ɗan shekara shida a mota zuwa garin da shi kansa ba ya zuwa, ba hatsi, ba kuɗin sabulu, ba ziyara sai Sallah in an yi sa'a, bai yi musaya ba, sauke nauyi ya yi. In za a ba da riƙo, a fara sanin yara nawa ke hannun mai riƙon, ina za su kwana, wa ke dafa musu, sannan a yanke abin da uba zai riƙa aikawa kowane wata, ya kuma riƙa zuwa da ƙafarsa ba tare da sanarwa ba.

Fuska ce mai wuya

Kalmarsu ta biyayya ga iyaye ita ce xiao, suna rubuta ta 孝. Saman harafin alamar tsoho ce, ƙasansa alamar yaro, kamar ɗa ya goya tsoho. An tambayi Konfushiyas ma'anarta, ya ce mutanen yanzu sun ɗauka ciyarwa ce, alhali karnuka da dawaki ma ana ciyar da su. In ba girmamawa, ina bambancin? Wani almajirin ya sake tambaya, sai malamin ya ce fuska ce mai wuya. Ɗaukar wa tsoho kaya da ba shi abinci kafin kowa duk mai sauƙi ne. Sakin fuska sa'ad da ya maimaita tambaya ɗaya sau huɗu, shi ne aikin. Mu da aka hana mu ce musu ko "uffan" a Suratul Isra'i mun fi kowa sanin wannan ma'auni.

Ga yadda ake faɗuwa jarrabawar a yau. Ɗa yana Abuja ko Legas, uwa tana Kamba. Ya bugo: "Inna, na turo, ki aika a ciro a POS." Ta fara ba shi labarin ƙafarta da ta hana ta barci, ya ce yana kan aiki, ya kashe. Kuɗi ya isa, haƙƙi bai isa ba. Minti goma da aka ware, a zaune, a fara da gaisuwa cikakkiya, a tambayi jiki da maƙwabta da 'yar akuyarta, a bari ita ta fara sallama, sun fi kiran kullum na tsaitsaye. Suna da wani zance da ke cewa biyayya da zuciya ake auna ta, don in da abin hannu ne, da gidan talaka bai taɓa fitar da ɗa nagari ba. Wannan ya kamata ya sanyaya ran ɗan da ke zaune a gida yana ɗebo wa tsohuwa ruwan alwala, yana ganin kamar mai turo kuɗi ya fi shi.

Biyayyar tasu kuma ba "to" ba ce ga komai. Konfushiyas ya ce a yi wa iyaye gyara a hankali, in ba su karɓa ba a ci gaba da girmama su, kada a yi ƙorafi. Littafinsu na biyayya ya ƙara da cewa uban da ke da ɗa mai iya faɗa masa gaskiya ba ya faɗawa cikin ɓarna. In tsoho ya dage zai sayar da fadamar gado a kan kuɗin da bai kai ba, ko zai aurar da yarinya ga wanda ba ta so, shiru ba ladabi ba ne. Amma hanya ce ke da muhimmanci. Ba a gaban ƙanne ko matansa ba, ba da "kun yi kuskure" ba. A durƙusa a ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, akwai abin da na hango, ban sani ba ko kun duba shi." In ya ƙi, a koma ta wurin amininsa, ko wansa, ko liman, wanda zai iya faɗa masa abin da ɗa ba zai iya ba.

Ba duk kayansu ne namu ba. Cikin labarai 24 na masu biyayya da aka tattara a zamanin daular Yuan akwai mai kyau, kamar yaro Huang Xiang ɗan shekara 9 da ke yi wa shimfiɗar ubansa fifita da zafi, ya ɗumama ta da jikinsa da sanyi. Akwai kuma na Guo Ju, wanda ya yi niyyar binne ɗansa da rai don abinci ya ishi uwarsa. Marubucinsu Lu Xun ya rubuta a 1926 cewa labarin ya firgita shi yana yaro, Alƙur'ani kuma ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Ƙona takardun kuɗi ga matattu a bikin Qingming na farkon Afrilu, da makokin shekara uku, su ma ba hanyarmu ba ce. Ita ƙasar kanta ta sauya: dokarta ta 1986 ta hana dukan ɗalibai a makaranta, ta 2016 ta hana cin zarafi a cikin gida.

Sai karin maganar da ta fi kowacce ɗaci: "A gefen gadon doguwar jinya ba a samun ɗa mai biyayya." Ba zagi ba ce, gargaɗi ne cewa mutum na gajiya. Suna cewa a haifi ɗa don tsufa kamar yadda ake cika rumbu don yunwa, amma tsarin ɗa ɗaya da suka bi daga 1980 zuwa 2015 ya bar gidaje da yawa da jika guda a ƙarƙashin iyaye biyu da kakanni huɗu, har ta kai a 2013 doka ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar tsofaffinsu. Mu muna da yawa, amma a duba gidan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsoho. 'Ya'ya goma ne, jinyar kuwa a kan mutum ɗaya take, galibi 'ya mace ko matar ɗan da ke zaune a gidan. Mai irin wannan ciwo yana bukatar a juya shi kamar kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ƙugu da diddige, a wanke shi a tsane fatar, a ba shi abinci a zaune a hankali saboda ƙwarewa, maganin hawan jini kuma kada ya yanke. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar wannan wata shida fuskarsa ta zauna a sake. Tun makon farko ya kamata 'yan'uwa su zauna su raba: wa ke kwana wane dare, nawa kowa zai sa a wata, wa ke riƙe kuɗin yana rubuta abin da ya fita, wace rana mai jinyar za ta huta ta je gidansu. Wanda ke nesa ya biya a ɗauki mai taimako, kuma in ya zo ziyara kada ya fara da gyara wa mai jinya aiki.

Suna da zancen da ke cewa itace na son tsayawa iska ba ta bari, ɗa na son kula da iyaye su kuma ba sa jira. Konfushiyas ya ce wajibi ne ɗa ya san shekarun iyayensa, don ya yi murna ta wani gefe ya ji tsoro ta wani. Da yawa cikin iyayenmu ba su da takardar haihuwa, amma ana iya ƙirgawa da abin da suka gani. A tambayi Inna ko tana ɗakin miji aka samu 'yancin kai a 1960. In ta ce a shekarar aka kai ta, to tana neman 80 ko ta taɓa. Baban da ya yi sunan ɗansa na fari a farin 1973 ya haura 70. Wanda ya aurar da 'yarsa ta fari shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, 1991, shi ma yana wajajen nan.